Daga Kafin Dafga Zuwa Gwanja: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Shirya Tafiya

A duk inda aka yi taron suna ko ɗaurin aure a Kafin Dafga, ko Karaye, ko Rogo, goro ne abin da ake fara rabawa, amma ba kowa ne cikin matasan yanzu ya san irin nisan da mutanen da suka riƙa takawa kafin goron nan ya iso ƙasar Kano ba. Gwanja, wadda sunanta ya zauna daram a bakin Hausawa, tana cikin arewacin ƙasar Gana ta yau. Har gobe kuwa ba a rasa malamin makaranta, ko akawun Ƙaramar Hukuma, ko ɗalibi daga wannan yanki wanda yake da burin taka ƙasar: wani don ziyarar dangin da suka daɗe a can, wani don neman ilmi, wani kuma don buɗe ido kawai a lokacin hutu.

Abin da ke hana mafi yawansu shi ne zaton cewa fita waje sai mai hannu da shuni. Waɗansu kuma akasin haka ne ke samunsu, su tashi da ka, ba shiri ba lissafi, guzuri ya ƙare musu a tsakiyar hanya, su wayi gari suna sayar da waya da sutura a tasha, ko suna jiran taimakon jama'a a ƙofar masallaci. Ga mutumin da ya shekara yana zuba adashi daga ɗan albashinsa, wannan ba ƙaramar hasara ba ce. Tafiya mai araha tana yiwuwa, amma ta dogara ne a kan abu biyu waɗanda fataken da suka riƙe da kyau, watau lissafi tun daga gida, da sanin wanda za a sauka a hannunsa.

YADDA FATAKE SUKA YI

Hanyar Gwanja tsohuwa ce ƙwarai. Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe ta tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a cikin ƙarni na 15. A ƙarni na 19, lokacin da cinikin goro ya bunƙasa, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi shahara a kanta. Ayari ya kan tashi daga ƙasar Kano da jakuna ɗauke da kanwa, da baƙin Kura, da jemammun fatu, da gabu, ya yi yamma har ya ƙetare kogin Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Zugu da Sansanin Mango da Yandi, kana ya sauka a kasuwar Salga, inda goron kurmin Asante yake jiransa. Zuwa da komowa kan ci watanni shida, wani lokaci har shekara.

Ba a yin wannan tafiya da gaibu. Kowane ayari yana da madugu, wanda shi ne shugaba, da jagaba mai sanin hanya da mashaya, da uban dawaki wanda ke tattara kuɗin fito da za a biya sarakunan da aka ratsa ƙasarsu, da kuma malamin ayari mai riƙe da rubutu da lissafi. Tun kafin a ɗaura kaya, kowane falke ya san yawan zangon da ke gabansa da abin da kowane zango zai ci masa. Idan an isa gari kuwa, akwai fatoma ko maigida wanda zai ba baƙo ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso. Shi maigidan ladansa na fitowa ne daga la'adar ciniki. Da haka mutumin da bai san kalma ɗaya ta harshen garin ba yake saye da sayarwa, ya koma gida da ribarsa.

Mutanen yammacin Kano suna da misali a kusa da su. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a shekarar 1877, ya taka zuwa ƙasar ta Gana tun yana saurayi, inda mahaifiyarsa take zaune. Daga baya ya lura cewa ɗora goro a jirgin ruwa daga gaɓar tekun can zuwa Ikko ya fi sauri a kan tsohuwar hanyar jakuna, sai ya bi wannan. Ya rasu a Kano a 1955, ana lissafa shi a kan gaba cikin attajiran Afirka ta Yamma. Hanyar bakin teku da ya gane amfaninta ita ce dai matafiyin yau zai bi, sai dai shi a mota.

TAKARDU KAFIN KOMAI

Abin da ya sauƙaƙa wannan tafiya ga talaka shi ne Ƙungiyar Tattalin Arzikin Ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS, wadda aka kafa a Ikko ran 28 ga watan Mayu, 1975. A cikin 1979 shugabanninta suka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Nijeriya da Benin da Togo da Gana duk suna ciki. Ke nan kuɗin biza, wanda shi ne ke karya masu niyyar zuwa Turai ko Amurka, ba ya cikin lissafin mai zuwa Gana. Amma yarjejeniyar ta gindaya sharaɗi biyu: ingantacciyar takardar tafiya, da takardar shaidar rigakafi.

Takardar tafiya ta farko ita ce fasfo, wanda ake nema a ofishin Hukumar Shige da Fice, kamar wanda ke Farm Centre a cikin Kano, kuma sai mutum yana da lambar shaidar ɗan ƙasa. Fasfo iri biyu ne, mai shafi 32 na shekara 5, da mai shafi 64 na shekara 10. Daga ran 1 ga watan Satumba, 2025, Gwamnatin Tarayya ta mai da kuɗin na farko Naira 100,000, na biyu kuwa Naira 200,000. Tun 1985 ƙungiyar ta ƙirƙiro wata takardar tafiya tata ta kanta mai rahusa, wadda ke aiki a tsakanin ƙasashenta kaɗai, sa'an nan a 2014 aka amince a maye gurbinta da katin shaida na zamani. Wanda tafiyarsa ba za ta wuce Gana ba, ya kamata ya tambayi ofishin wace ce ake bayarwa a lokacin, domin bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne. Mutumin Kafin Dafga ya tuna kuma cewa zuwa Kano neman takarda ba sau ɗaya ake yinsa ba, saboda haka kuɗin motar wannan zirga-zirga ma ya shiga lissafi.

Ta biyu ita ce katin rigakafin cutar shawara, wanda ma'aikatan lafiya na tashoshin shiga ƙasa ke bayarwa. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allura, don haka wanda ya bari sai ana gobe zai tashi ya makara. Amma tun daga watan Yuli na 2016, bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, allura ɗaya ta wadatar har iyakar rai. Rashin wannan ɗan kati shi ne babbar ƙofar da ake bi a tatsi matafiyi a kan iyaka. Bayan waɗannan, ma'aikacin gwamnati ya nemi hutunsa da izinin fita ƙasa a rubuce, ɗalibi kuma ya riƙe katin makarantarsa. Yana da kyau a ɗauki hoton kowace takarda, a bar ɗaya a gida, a riƙe ɗaya a wata jaka dabam.

LISSAFIN GUZURI

Farashin mota da na masauki suna sauyawa kullum, balle tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar Naira a watan Yuni na shekarar. Saboda haka lissafin wanda ya je bara ba zai yi wa mai zuwa bana aiki ba. Abin da ba ya sauyawa shi ne tsarin lissafin. Matafiyi ya samu takarda ya raba kuɗinsa kashi shida: na takardu, na motar zuwa, na motar komowa, na masauki da abinci, na yawo a cikin gari, da kuma na ko-ta-kwana. Ya cika kowane gida da farashin da ya ji daga bakin wanda ya dawo kwanan nan, ko daga direbobin tasha, ko daga mai masaukinsa ta waya. Idan jimlar ta fi abin da ke hannu, sai a rage kwanakin zama ko tsaraba. Ba a taɓa kashin komowa.

Kuɗin komowa ya kamata a ware shi tun daga gida, a ɗinke shi a wuri dabam da na kashewa, a kuma ƙara masa wani abu a kai, gama mota na iya lalacewa a tilasta wa mutum kwana a inda bai shirya ba. Katin banki yana da amfani, amma ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. A 2022 bankunan Nijeriya da dama sun dakatar da aiki da katin Naira a ƙasashen waje, waɗansu suka maido da shi a 2025 tare da ƙayyade abin da za a iya kashewa. Mai tafiya ya je bankinsa ya ji matsayin katinsa tun da wuri.

Lokacin tashi ma yana rage ko ƙara tsada. A watan Disamba kuɗin mota daga Ikko zuwa yamma ya kan hau saboda bukukuwan Kirsimeti, haka kuma motocin Arewa su kan yi tsada a jajiberin Salla. Kudancin Gana yana da damina biyu, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Watan Agusta, wanda ya dace da dogon hutun makarantu a nan, can lokaci ne na sauƙin ruwa da sanyin iska a bakin teku. Manomi kuwa, wanda kuɗinsa ke shigowa da kaka, ya fi masa kyau ya jira a wuce sabuwar shekara.

HANYA DA IYAKOKINTA

Daga Kafin Dafga sai a fito Karaye, daga nan a nufi Kano ko a faɗa babban titin Zariya, a kama motar Ikko. Tsakanin Kano da Ikko kimanin kilomita 1,000 ne, watau ya ninka abin da ke tsakanin Ikko da babban birnin Gana, Accra, wanda Hausawa suka fi sani da Ankara, domin wannan bai kai kilomita 500 ba. Mutane da yawa su kan yi mamaki idan suka gane cewa mafi tsawon tafiyar a cikin Nijeriya take. Wanda ya isa Ikko a gajiye, ya fi masa alheri ya kwana a unguwannin Hausawa kamar Agege ko Idi Araba, ya yi sammako, don ya ƙetare iyakoki da rana.

Akwai wata hanyar ta arewa, wadda ke bi ta Jamhuriyar Nijar da Burkina Faso ta shiga Gana ta sama, ita ce ma ta fi kusa da sawun fatake. Amma rashin tsaro ya addabi sassa da yawa nata, ga shi kuma ƙasashen biyu tare da Mali sun fice daga ECOWAS ran 29 ga watan Janairu, 2025. Baƙon da bai taɓa fita ba, hanyar bakin teku ta fi masa.

Daga Ikko zaɓi biyu ne. Akwai manyan motocin kamfanoni masu zuwa Ankara kai tsaye, waɗanda ma'aikatansu ke tattara fasfo su kai a buga a kowace iyaka. Sun fi tsada, amma sun fi kwanciyar hankali. Akwai kuma tafiya zango-zango: ƙaramar mota daga Mile 2 zuwa Seme, wata zuwa Kwatano, wata zuwa Lome, sa'an nan wata daga Aflao zuwa Ankara. Wannan ta fi araha a takarda, amma kowace sauka tana da nata ɗan dako da ɗan kamasho da ɗan canji, kuma Hausawa sun ce araha ba ta ado. Mai zuwa karo na farko zai iya tafiya a babbar mota yana lura da komai, ya dawo zango-zango bayan idonsa ya buɗe.

Iyaka uku ce: ta Seme tsakanin Nijeriya da Benin, ta Hillacondji tsakanin Benin da Togo, da ta Aflao tsakanin Togo da Gana. A kowace ɗaya hatimi biyu ake bugawa, na fita da na shiga, watau shida ke nan kafin a isa. Matafiyi ya buɗe fasfonsa ya tabbata an buga, ya kuma duba yawan kwanakin da aka rubuta masa. A bakin kowace iyaka akwai samari masu cewa za su zagaya da mutum ta bayan gari a kan babur da ɗan kuɗi kaɗan. Wanda ya bi su ya shiga ƙasa ba hatimi, kuma a shinge na gaba zai biya ninkin abin da ya guje wa, in ma bai kwana a tsare ba. Kada kuma a karɓi saƙon da ba a san abin da ke ciki ba, ko da daga wanda aka yi hira da shi a mota ne. Iyaka na iya rufuwa ba zato, kamar yadda Nijeriya ta rufe nata na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, don haka sauraron labarai kafin tashi wajibi ne.

Ƙasar Togo siririya ce, faɗinta a bakin teku bai kai kilomita 60 ba, kuma birnin Lome ya jingina da iyakar Gana, har mutum na iya takawa da ƙafa daga unguwannin yammacinsa zuwa Aflao. Da an shiga Togo sai a mai da agogo baya da awa ɗaya, domin Togo da Gana suna bayan Nijeriya da Benin da awa guda. Wanda ya manta da wannan zai ruɗe a kan lokacin tashin mota.

KUƊI IRI UKU

A wannan tafiya aljihu zai ga Naira, da Sefa ta Benin da Togo, da Sidi ta Gana. Duk lokacin da aka canza kuɗi sai ɗan canji ya ci ribarsa, saboda haka mai da Naira Sefa, sa'an nan a mai da Sefar Sidi, hasara biyu ce. Abin da ya fi shi ne a sayi 'yar Sefar da za ta isa ratsa ƙasashen biyu tun a Wapa, cikin Fagge, inda mutum zai yi ciniki da harshensa a natse. Amma ya lura, Sefa iri biyu ce. Ta Kamaru da Cadi dabam take da ta Nijar da Benin da Togo, kuma ba a karɓar waccan a kasuwar Kwatano ko da yake darajarsu ɗaya, dukansu an ɗaure su a kan 655.957 ga Yuro guda. Sidi kuwa, a canza kaɗan a Aflao don kuɗin mota, saura a bari sai an isa gari, a je wurin canji mai lasisi tare da ɗan gari.

Ƙidaya ma tana da tarkonta. Hausawan ƙasashen Sefa da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Idan mai shayi a Kwatano ya ce dala ashirin, Sefa 100 yake nufi, jaka ɗaya kuma Sefa 1,000. A Gana, an sauya kuɗi a watan Yuli na 2007, aka mai da tsohuwar Sidi 10,000 ta zama sabuwa guda ɗaya, amma har yanzu akwai dattawa da 'yan kasuwa masu faɗin farashi da tsohon lissafi. Wanda aka ce masa miliyan ɗaya kada gabansa ya faɗi, mai yiwuwa Sidi 100 ake nufi. Ya nemi a rubuta masa.

SHIGA BAƘON BIRNI

Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma ba inda makantarsa ta fi tsanani kamar sa'ar da ya sauka a tasha. Dokar farko ita ce a isa da rana. Ta biyu, a riƙe sunan unguwa da lambar wayar mai masauki a rubuce a takarda, gama waya na iya mutuwa ko layin Nijeriya ya ƙi aiki. Mai wayar zamani ya sauke taswirar birnin tun yana gida, yadda za ta yi aiki ba tare da intanet ba. Soket ɗin lantarki na Gana irin na Nijeriya ne, mai baki uku, amma na Benin da Togo irin na Faransa ne, mai baki biyu zagayayye.

Kowane birni yana da ƙashin bayansa, wanda ya gane shi ya huta. A Ankara, teku tana kudu, garin kuma ya bazu ne zuwa arewa da gabas da yamma. Motocin Aflao da yawa a Tudu suke sauke fasinja, kusa da babbar kasuwar Makola. Motar talaka ita ce ƙaramar bas da suke kira torotoro, mai bin hanya ɗaya kullum kamar bas ɗin hayar Kano ta da. Hanyoyinta suna haɗuwa ne a 'yan manyan tashoshi, irin su shataletalen Kwame Nkrumah, da Kaneshie, da Madina, da tsakiyar gari. Wanda ya haddace waɗannan, ko ya ɓace zai iya komawa ɗayansu ya sake ɗauko hanya. Yaron mota na leƙowa yana kiran sunan inda za a, yana kuma nuni da hannu; idan yana juya yatsa kamar mai zana da'ira, shataletalen Nkrumah ya nufa. Baƙo ya gaya masa inda zai sauka tun da ya shiga, ya kuma dubi abin da na kusa da shi ya biya.

Tasi iri biyu ce, ta haɗaka mai bin hanya ɗaya, da ta shata. Baƙon da ya faɗa tasi ba tare da ya tambaya ba, direba zai ɗauka shata yake so. A yanke farashi kafin a rufe ƙofa. A Kwatano kuwa 'yan acaɓa ne suka riƙe gari, ana gane su da riguna masu launin rawaya, kuma su ma sai an yi ciniki kafin a hau. Kumasi, wadda ke kimanin kilomita 250 arewa maso yamma da Ankara, tsarinta ya fi sauƙin ganewa, domin manyan titunanta daga kasuwar Kejetia suke fita kamar yatsun hannu. A duk biranen nan mutane sun fi yin kwatance da masallaci ko coci ko gidan mai ko kasuwa a kan sunan titi. Matambayi ba ya ɓata, amma a zaɓi wanda za a tambaya: mai shago ko mai sayar da abinci da ke zaune wuri ɗaya ya fi wanda ya taho da kansa yana neman ya taimaka.

ZANGO

Babbar gatar da Bahaushe yake da ita a wannan hanya, wadda Bature mai yawon buɗe ido ba shi da ita, ita ce zango. Kalmar ta fatake ce, amma yanzu ta zama sunan unguwannin Musulmi baƙi a kusan kowane babban gari na Gana da Togo da Benin. Bayan da Turawan Ingila suka ci Asante a 1874, sa'an nan yaƙin basasa ya watsa Salga a 1892, 'yan kasuwa da malamai suka bazu zuwa kudu. Cikinsu har da shahararren malamin nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya zauna a Kete Krachi har rasuwarsa a 1934. A Ankara akwai Sabon Zango, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, ga kuma Nima da Mamobi da Fadama. A Kumasi akwai tsohon Zango da Aboabo da Asawase. Zangon Lome yana can arewacin birni, inda hukuma ta mai da shi a 1977.

A waɗannan unguwanni Hausa ce harshen kasuwa da masallaci, har a bakin waɗanda asalinsu Dagomba ne ko Mosi ko Zabarmawa. Sai dai Hausar ta ɗan bambanta da ta Kano. Sau da yawa ba sa rarrabe namiji da mace a magana, sai a ji an ce wa mace ya zo. Wannan ba abin dariya ba ne ga baƙon kirki. Abinci ma ba zai zame masa baƙo ba, gama koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake, da tuwon zafi, da fura, duk suna nan da sunayensu na Hausa, har sauran ƙabilun ƙasar sun ɗauka. Cin abinci a zango ya fi na otal araha nesa ba kusa ba, kuma ba shakkar halacci.

Amma zango ba gidan kyauta ba ne. Tun kafin a tashi ya kamata a samu wanda zai haɗa mutum da mai masauki, ko ta hannun dangi, ko malamai, ko 'yan kasuwar Kano masu hulɗa da can, a kuma yi magana da shi a ji amincewarsa. A tafi masa da tsarabar gida, ko kilishi ko hula ko daddawa. Addini ya sanya liyafar baƙo kwana uku, abin da ya wuce haka alheri ne, saboda haka wanda zai daɗe ya sa hannu a cefane ko ya nemi a kama masa ɗaki mai sauƙin kuɗi. Ɗakuna a Nima da Aboabo a matse suke, mai gidan da ya ba da tabarma ya yi ƙoƙari. Idan mai masauki ya ce a je a gai da liman ko Sarkin Zango, a je, domin ranar da wata matsala ta taso su ne za su ce sun san mutum.

IYAKAR BAƘUNTA

Kwana 90 da yarjejeniya ta bayar na ziyara ne. Wanda zai wuce haka sai ya nemi izinin zama daga hukumar shige da fice ta ƙasar. Haka kuma shiga ba biza bai ba mutum ikon kafa shago ba. Dokar zuba jari ta Gana ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Nijeriya da dama a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. Dattawan Kano ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Dokta Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, dubban Hausawa da Yarabawa suka dawo, waɗansu ba su tsira da komai ba sai kayan jikinsu. Mutanen Gana su ma suna tune da 1983, sa'ad da Nijeriya ta kori nata baƙin, cikinsu har da 'yan Gana kimanin miliyan ɗaya. A duka lokutan biyu, wanda ba shi da takarda shi ya fi shan wuya.

Saboda haka ma'aikaci ko ɗalibin da ke da wannan niyya ya fara da abin da ke kusa: ya nemi takardunsa watanni kafin hutu, ya yi allurarsa, ya samu mai masauki, ya rubuta lissafinsa, ya kuma bar wa iyalinsa sunan unguwar da zai sauka da ranar da ake sa ran komowarsa. Idan ya dawo, ya adana takardar lissafin nan tare da abin da ya kashe na haƙiƙa a kowane zango, domin na bayansa daga Kafin Dafga ko Rogo zai zo tambaya, kamar yadda shi ma ya tambayi na gabansa. Allah ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.